Asibiti Hawa Uku, Da Aikin Nas A Cikinsa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Manomi ba ya iya riƙe fartanya sai da ita, ɗan kasuwa ba ya iya zaman rumfa sai da ita, ɗan makaranta kuwa in kansa na ciwo, ko malam ya wuni yana bayani ba abin da zai shiga. Saboda haka kowace ƙasa ta kan yi shiri na musamman don tsare lafiyar mutanenta, da yi musu magani in sun kwanta. Wannan shiri ya haɗa gine-gine, da magunguna, da kuɗi, da ma'aikata iri iri, kowa da nasa aiki. In an fahimci yadda a ka tsara shi, an san ƙofar da za a buga ran da ciwo ya shigo gida.

Hawa uku

In gardama ta tashi tsakanin maƙwabta, ba a kan zarce da ita fadar sarki ba. Mai unguwa a ke fara kai wa. In ta gagare shi ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi, sai abin da ya fi ƙarfin hakimi ya ke isa gaban sarki. Da a ce kowace ƙaramar magana sai ta je fada, da sarki bai sami sukunin duba manyan al'amura ba.

To, haka a ka tsara asibitocin Nijeriya, hawa uku. Hawa na farko shi ne ƙaramin asibiti na ƙauye ko na unguwa, yana hannun ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774, tare da hukumar da jiha ta kan kafa don lura da irin waɗannan asibitoci. Hawa na biyu shi ne babban asibitin gari, na gwamnatin jiha. Hawa na uku shi ne asibitin koyarwa da asibitocin ƙwararru, yawancinsu na Gwamnatin Tarayya ne. Ban da waɗannan akwai asibitocin kuɗi da na mishan, su ma suna ɗaukar nasu rabo na aikin.

Hawa na farko

Ƙaramin asibiti shi ya fi kusa da talaka. Sau da yawa babu likita a cikinsa. Masu riƙe da shi su ne nas, da ungozoma, da malaman asibiti waɗanda su ka yi karatun lafiyar al'umma shekara 2 ko 3. Su waɗannan malamai suna da wani littafin umurni wanda ya nuna musu ciwon da za su yi wa magani da kansu, da wanda tilas su tura gaba.

A nan a ke yi wa jarirai allurar rigakafi, a auna nauyinsu don a ga ko suna girma daidai. A nan mata masu ciki su ke zuwa awo, su kuma haihu in haihuwar ba ta zo da gardama ba. A nan a ke ɗiga jinin yatsa a gane zazzaɓin cizon sauro, a ba da maganinsa, a koya wa uwaye yadda za su dama ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa, a wanke rauni a ɗaure. Yawancin cututtukan da ke damun jama'a kullum ba su bukatar wuce wannan hawa.

Tun zamanin En'e akwai ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, amma hankalin hukumomi ya fi karkata ga manyan asibitocin birane. Cikin 1978 wakilan ƙasashe 134 su ka taru a birnin Alma Ata, wanda ke ƙasar Kazakistan ta yau, su ka yarda cewa lafiyar jama'a daga ƙaramin asibiti ta ke farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka har a ka ɗora tsarin Nijeriya bisa wannan tushe cikin 1988. Cikin 1992 a ka kafa hukumar tarayya mai tallafa wa ƙananan asibitoci. Sa'an nan dokar lafiya ta 2014 ta ce kowace shekara a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin biyan bukatun lafiya na tushe.

Hawa na biyu da na uku

Babban asibitin gari yana da likitoci, da gadajen kwantar da marasa lafiya, ɗakin maza dabam, na mata dabam, na yara dabam. Yana da ɗakin tiyata, da ɗakin gwajin jini da fitsari, da wurin ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi, da wurin ajiyar jini don wanda ya bukaci ƙari. Wanda kaba ta murɗe masa, ko ya karye a hatsarin mota, ko macen da naƙuda ta yi wa tsawo, nan ne wurinsu.

Asibitin koyarwa kuwa a jikin jami'a ya ke. Aikinsa uku ne: magance ciwo mai wuya, koyar da sababbin likitoci da nas-nas, da binciken cututtuka. Na Ibadan an buɗe shi cikin 1957. A Arewa akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos, da waɗansunsu. Har wa yau akwai asibitocin da su ka keɓanta da ciwo iri guda, kamar asibitin ƙashi na Dala a Kano, da asibitin ido na ƙasa a Kaduna, da asibitin masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato, da na yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina.

Takardar turawa

Abin da ke haɗa hawan nan uku ya zama tsani guda shi ne wata 'yar takarda, watau takardar tura majinyaci gaba. Ga misali.

A ce ga wata mace a ƙauye, cikinta wata takwas, ta zo awo. Ungozoma ta ɗaura mata awon jini a damtse, ta ga ya hau ƙwarai. Ta dubi ƙafafunta da fuskarta, ta ga sun kumbura. Ta tambaye ta, matar ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. A gida ana iya cewa ai nauyin ciki ne, zai wuce. Amma ungozoma ta san waɗannan alamu su ke gabatar jijjiga, ciwon da kan kashe uwa da ɗa a dare ɗaya. Ta kuma san cewa in abin ya kai ga tiyata, ba ta da ɗakin tiyata, ba ta da jini.

Nan da nan sai ta ba da taimakon da a ka koya mata, ta rubuta takarda. A ciki za ta sa sunan matar, da watannin cikinta, da abin da awo ya nuna, da maganin da ta ba ta, da lokacin da ta ba ta. Sa'an nan ta kira mijin ta yi masa bayani da harshe mai taushi, ta ce a nemi mota yau, kada a bari sai ran kasuwa. Da isarsu babban asibiti, likita ya karanta takarda, ba sai ya koma tambaya tun daga farko ba. In Allah ya sa an sauka lafiya, sai a sallamo ta da wata takardar zuwa ga ungozomar ƙauyensu, don ta ci gaba da auna jininta, ta kuma fara wa jariri allura.

Masana sun lura jinkiri uku ne su ka fi halaka mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun mai dubawa bayan an isa asibiti. Na farkon nan a hannun mutanen gida ya ke, ba ya kuwa bukatar ko kwabo kafin a kawar da shi.

Abin da ke sauka, da abin da ke hawa

Tsanin nan ba majinyata kaɗai ke binsa ba. Kaya suna saukowa ta kansa, labari kuma yana hawa.

Maganin allurar rigakafi ba ya jure zafi. Yawancinsa tilas a ajiye shi tsakanin digiri 2 da digiri 8, tun daga babban ɗakin ajiya na ƙasa, zuwa na jiha, zuwa na ƙaramar hukuma, har ya iso firjin ƙaramin asibiti, wanda a wurare da yawa da hasken rana ya ke aiki. Daga nan a sa shi cikin akwatin ƙanƙara a ɗora bisa babur zuwa ƙauyuka da rugage. In sanyin ya yanke a wuri ɗaya, magani ya lalace, ko an yi wa yaro allurar ba ta tsare shi. Shi ya sa ma'aikaci ya kan duba ma'aunin firji safe da yamma ya rubuta. Jariri kuwa yana karɓar allura ran da a ka haife shi, sa'an nan yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sai ta ƙyanda in ya cika wata 9, a maimaita ta a wata 15.

Labari kuwa daga littafin rajista ya ke tashi. Duk wanda ya zo asibiti a kan rubuta ciwonsa, ƙarshen wata a tara lissafi a aika sama. Amma akwai cututtukan da ba a jiran ƙarshen wata, kamar amai da gudawa, da sanƙarau, da zazzaɓin Lasa. Da an ga alamarsu sai a sanar da jami'in ƙaramar hukuma, shi ya sanar da jiha, jiha ta sanar da Abuja, a aiko da magani da ma'aikata tun wutar ba ta kama gari ba.

Da irin wannan aiki na haƙuri a ka ci nasarori manya. Cikin 1980 a ka tabbatar agana ta ƙare a duniya duka. Cikin 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, amma cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ya ƙare a ƙasar. Cikin 2020 kuma a ka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta daji ta gushe daga Afirka, ko da ya ke har yanzu ana ɗiga wa yara maganin don tsaro.

Asalin aikin jinya

A kowane hawa na tsanin nan akwai ma'aikaci guda da ba a rasawa, shi ne nas. Akwai maza da yawa cikin aikin, amma mata sun fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cikin 2020 ta ga nas-nas sun fi rabin dukan ƙwararrun ma'aikatan lafiya na duniya.

Jinya tsohon aiki ne. A Madina, zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata sahabiya, Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni. Sa'ad da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, cikin tantinta a ka kwantar da shi.

Wadda ta mai da jinya sana'ar da a ke koya a makaranta kuwa wata Baturiyar Ingila ce, Florence Nightingale, an haife ta ran 12 ga Mayu, 1820. Cikin 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tafi asibitin soja a Turkiyya da mata 38. Ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi harsashi kashe sojoji. Ta dage wajen wanke ɗakuna da tufafi, da gyara abinci, ta kuma riƙa rubuta adadin waɗanda su ka mutu da abin da ya kashe su, har hukuma ta ga gaskiya a rubuce ta gyara. Cikin 1860 ta buɗe makarantar nas-nas a Landan. A wannan makaranta ce wata 'yar Nijeriya, Kofoworola Pratt, ta yi karatu, ita ce kuwa 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Ibadan, cikin 1964. Har yau ran 12 ga Mayu ita ce ranar nas-nas ta duniya.

Farar riga kaɗai ba ta mai da mutum nas. Sai ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, ya yi karatun jinya abin da bai kasa shekara 3 ba, ko shekara 5 in a jami'a ne, ya ci jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda a ka kafa cikin 1979, ta sa sunansa a rajista ta ba shi lasisi. Bayan haka wanda ya so ya kan ƙara karatu ya ƙware a fanni guda, kamar ungozomanci, ko jinyar yara, ko aikin ɗakin tiyata, ko na ido.

Yini da dare a ɗakin majinyata

Likita ya kan zagaya ɗaki ya duba majinyaci, ya gane ciwo, ya rubuta magani, ya wuce ga na gaba, gama masu jiransa suna da yawa. Nas ita ke zama. An raba musu aiki, masu safe, da masu yamma, da masu dare, don kada ɗaki ya zauna ba mai tsaro ko da sa'a guda. Mai tashi ba ta tafiya sai ta bi gado gado da mai karɓarta, ta gaya mata halin da kowa ya kwana ko ya wuni.

Aikinta na farko lura ne. Ta kan auna zafin jiki, wanda ga mai lafiya ya ke wajen digiri 37. Ta ƙirga bugun jijiya, wanda ga babba ya ke tsakanin 60 da 100 a minti guda. Ta ƙirga numfashi, ta auna hawan jini, ta rubuta duka a takardar da ke jikin gado. Mai kallo ya kan ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Amma in an yi wa mutum tiyata da rana, tsakar dare bugun jijiyarsa ya yi ta ƙaruwa, awon jininsa yana sauka, to, wataƙila jini ne ke zuba a ciki inda ido ba ya gani. Nas ɗin da ta lura ta aika a taso likita, ita ta ceci ran nan, da ikon Allah.

Na biyu ba da magani. Kafin ta miƙa ƙwaya ko ta soka allura, sai ta tabbatar da abu biyar: mutumin shi ne, maganin shi ne, adadin daidai ne, lokacin ya yi, hanyar kuma ita ce, watau ta baki ne ko ta jijiya. In ta ga abin da a ka rubuta ya yi wa ƙaramin yaro yawa, wajibinta ne ta koma ta tambayi likita.

Na uku kula da jiki. Ta wanke gyambo ta canja bandeji. Ta sa ƙarin ruwa ta riƙa duba saukarsa. Wanda ba ya iya motsi ta juya shi wajen kowace sa'a 2, don kada bayansa ya yi miki saboda kwanciya. Tsakanin majinyaci da majinyaci kuwa sai ta wanke hannu, kada ta ɗauki cutar wani ta kai wa wani.

Na huɗu koyarwa da kwantar da hankali. Ita ke fassara maganar likita da harshen da tsohuwa za ta gane. Ita ke nuna wa mai jego yadda za ta kula da cibiyar jariri, ta gaya wa mai tarin fuka kada ya bar magani sai ya cika watanninsa 6 ko da ya ji sauƙi. Abin da ta gani ko ta ji na asirin majinyaci kuwa amana ne, ba ta kai shi gida, balle kasuwa.

Aikin yana da hatsari. Cikin Yuli, 2014, wani matafiyi ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita asibiti ya cuɗu da jama'a. Ita da wata nas, Justina Ejelonu, su ka kamu da cutar wajen jinyarsa, su ka rasu. Mutum 20 su ka kamu a ƙasar, 8 su ka mutu, ran 20 ga Oktoba na shekarar a ka shaida cutar ta ƙare a Nijeriya. Da ta bazu cikin birni mai cunkoso kamar Legas, Allah kaɗai ya san iyakar ɓarnar.

Inda tsanin ya ke da rauni

Ba ko'ina shirin nan ya ke tafiya yadda a ka tsara shi ba. Akwai ƙananan asibitocin da ba su da ungozoma, ko ruwa, ko magani. Saboda haka mutane su kan tsallake su, su cika manyan asibitoci da ciwon da za a iya gamawa da shi a unguwa, mai ciwo mai tsanani kuwa ya rasa gado. Waɗansu su kan tsaya ga mai kyamis ko mai tallar magani, sai ciwo ya ci ƙarfinsu a kwashe su zuwa asibiti. Yawancin mutane daga aljihunsu su ke biya, ko da ya ke an yi dokar inshorar lafiya cikin 2022 don a rage wannan nauyi. Nas-nas kuma ba su isa ba, musamman a karkara, ga shi da yawa suna tafiya Ingila da waɗansu ƙasashe neman albashi mai kyau.

Gyaran waɗansu abubuwan nan na hukuma ne, amma jama'a ma suna da nasu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A je asibiti mafi kusa tun ciwo yana ƙarami. A adana katin allurar yaro kamar yadda a ke adana takardar gona. In an ba da takardar turawa, a tafi a ranar. A gaya wa nas gaskiyar abin da a ka sha a gida, a kuma girmama ta, ko da layi ya yi tsawo.

Akwai kuma wani abu da ya shafi 'yan makaranta. Mata da yawa a ƙasar Hausa sun fi sakin jiki in mace ce za ta duba su, waɗansu ma su kan ƙi zuwa awo in babu ita. Ungozomar da za ta zauna a ƙauye ta daɗe kuwa, galibi 'yar wannan ƙasa ce, mai jin harshen mutanenta, wadda ta san al'adunsu. Ba a samun irinta sai an bar yarinya ta gama firamare, ta gama sakandare, ta riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Garin da ya ke son ungozoma a asibitinsa nan da shekara goma, tana nan yau zaune a aji, sai a bar ta ta yi karatu.

Tambayoyi

1. Faɗi hawa uku na asibitocin Nijeriya, da hukumar da ke riƙe da kowanne.
2. Me a ke rubutawa cikin takardar turawa, mene ne kuma amfaninta?
3. Don me a ke ajiye maganin allurar rigakafi cikin sanyi?
4. Kawo abu biyar da nas ta ke tabbatarwa kafin ta ba da magani.
5. Wane jinkiri ne mutanen gida za su iya kawarwa da kansu?
6. Wane asibiti ne ya fi kusa da garinku? Rubuta ayyukan da a ke yi a cikinsa.